Satar Dardumar Teku

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe wata mata ta tsayar da mota a gaban caji ofis na Daura. Ko ƙofar motar ba ta rufe ba ta nufi kanta.

"An yi mini sata. Ina son ganin mai bincike yanzu."

Saja Lawal ya jawo littafin rahoto. "Me aka sace, Hajiya?"

"Dardumar teku."

"Ta salla ko ta falo?"

"Dabba ce. Tana da rai. In ba a same ta kafin la'asar ba, ta mutu."

Sajan ya ajiye biro yana ƙoƙarin danne dariya. Daga ofishin da ke gefe Sufeto Kalilu ya fito. Ya san matar. Dokta Ummukulsum ce, wadda ta yi shekara ashirin da biyu a Legas tana aikin binciken halittun teku, ta yi ritaya ta dawo unguwarsu shekara huɗu da suka wuce. Ya kuma san abin da ake faɗa a gari, wai aljani take kiwo a cikin akwatin gilashi.

"Rubuta, Saja," in ji shi. "Sata sata ce."

Dokta ta dube shi ido cikin ido. "In kai ma dariya za ka yi, Sufeto, ka yi ta a mota. Ba ni da lokaci."

Suka tarar da mutane sun fara taruwa a ƙofar gidan. Wani daga baya ya ɗaga murya: "Aljanin ya gudu!" Dokta ta ratsa su ba ta kalli kowa ba.

Ɗakin da ta kai su yana da sanyi, na'urar sanyaya ɗaki na ta aiki. A jikin bango akwai tankin gilashi mai tsawon gado, da fitilu masu shuɗin haske a samansa. A ciki farin yashi ne da duwatsu masu huji-huji. A tsakiyar yashin akwai wani rami. Wani ɗan kifi mai ruwan lemo da ratsin fari yana ta kewaya ramin.

"A nan take," in ji Dokta. "Turawa na ce mata anemoni. Koriya ce, faɗinta kamar faifai, jikinta duk ƙananan gashi kamar na darduma. Shekara tara tana hannuna."

"Me ya sa za ta mutu kafin la'asar?"

"Ruwan teku take sha, gishirinsa daidai gwargwado, ba ƙari ba ragi. Tana son ruwa mai motsi, kuma kada zafinsa ya wuce maki ashirin da shida. Yau a waje arba'in da biyu ake. A cikin bokiti dahuwa za ta yi."

"Wa ya ce miki a bokiti take?"

Ta nuna wani lungu. "Shuɗin bokitina ba ya nan. Kuma dubi tankin."

Sufeto ya matsa. Ruwan ya sauka da kamar taƙi guda daga inda alamarsa take a jikin gilashi.

"Ɓarawon ya ɗebi ruwa ya tafi da shi ke nan."

"Har da dutsen da ƙafarta take manne a jiki. Da fizgo ta ya yi, ƙafar ta yage, da shi ke nan. Ya tona yashi ya ɗago dutsen gaba ɗaya. Kifayen ma biyu ne. Macen tana ɓuya a jikin dardumar in ta tsorata, da ita aka tafi."

Sufeto ya rubuta. Ya duba ƙofar gida da ta baya. Ba a ɓalle kwaɗo ko ɗaya ba.

"Yaushe kika fita?"

"Ƙarfe takwas. Ta'aziyya na je Sandamu. Sha ɗaya saura na dawo."

"Wa ke da makulli ban da ke?"

Kafin ta amsa aka yi sallama. Wani dattijo mai farin gemu ya shigo cikin babbar riga ruwan toka, ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin. Alhaji Badaru ne, yayanta, babban dillalin shanu kuma shugaban kwamitin masallacin unguwa. Sufeto ya miƙa masa hannu. Alhajin ya ɗan rusuna, ya dafa ƙirji da hagu, hannun damansa na cikin riga.

"Hamma na da ɗaya," in ji Dokta, "tun ina Legas shi ke duba gidan. Amma shi ko ɗakin nan ba ya shiga."

"Makullin nan ai na ba Hussaini mai sola tun bara, lokacin da ya sa miki batura," in ji Alhaji Badaru. Ya juya ga ƙanwarsa. "Kulsum, ki bar maganar nan. Allah ne ya raba ki da fitina. Ki sallami 'yan sanda, mu rufa wa kanmu asiri."

"Wane asiri, Hamma? Me na aikata?"

"Ba ki jin abin da ake faɗa?"

"Shekara huɗu ina ji. Ban kwana da yunwa ba saboda shi. Ba zan sallami kowa ba."

Sufeto ya tambaye ta ko akwai wanda take zargi.

"Malam Zakiyyu, mai Islamiyyar da ke bayan gidana. Sau biyu yana wa'azi a kaina da lasifika."

Malam Zakiyyu yana zaune a kan buzu a ƙofar makarantarsa, yara sun tashi. Siririn mutum ne mai kaifin murya.

"Ban taɓa taka gidan matar nan ba," in ji shi. "Ban taɓa ganin abin ba, ba na kuma fatan gani."

"Amma ka yi wa'azi a kansa."

"Na yi. Abin da jama'a suka kawo mini na yi magana a kai."

"Yau da safe ka ga wani a ƙofarta ta baya? Tana kallon nan."

"Ina karatu da ɗalibai. Ban ga komai ba."

Sufeto ya rufe littafinsa kamar zai tashi. "To, Malam. Mu dai baƙin abu muke nema, mai kama da kan mutum. In ka ji labari ka sanar da mu."

"Kore ne," in ji Malam. "Ba baƙi ba."

Saja Lawal ya sunkuyar da kai.

"Wanda bai taɓa gani ba," in ji Sufeto a hankali, "ya san launi."

Malam ya cire hula ya share gumi. Ya waiga hagu da dama kafin ya yi magana.

"Wata biyu da suka wuce ta tare ni a hanya. Ta ce in ni malami ne na gaskiya in zo in gani da idona kafin in sake kama sunanta. Na je. Ta ba shi guntun jatan lande a gabana, ya naɗe ya kai baki. Ta nuna mini hotonsa a littattafai uku. Sufeto, halittar Allah ce kamar kifi. Na fito jikina a sanyaye."

"Ka faɗa wa jama'a haka?"

"Da wane baki? Ni na hau lasifika."

"To yanzu faɗa mini abin da ka gani da safe."

"A-kori-kura fara, irin ta ɗaukar dabbobi. Wajen ƙarfe tara ta tsaya a ƙofar baya. Ba ta yi minti ashirin ba ta tafi."

"Ta wa?"

"Ban ga lamba ba."

"Ban tambaye ka lamba ba."

Malam ya kafe idonsa a ƙasa. "Abin da zan iya faɗa ke nan."

Sufeto ya duba agogo. Sha biyu da rabi ta wuce.

Shagon Hussaini mai sola yana bakin titin tasha. Ƙofar a saye take, amma fanka na juyawa a ciki. Saja ya tura. Hussaini, magidanci mai kimanin shekara talatin da biyar, ya miƙe zumbur daga bayan tarin batura.

"Ina kake da ƙarfe tara?"

"Sandamu, yallaɓai. Aiki na je tun asuba, yanzu na dawo."

"Gidan wa?"

"Wani Alhaji."

"Ba ni lambarsa in kira."

Hussaini ya ɗauko waya, ya yi ta latsawa sama da ƙasa. Sufeto ya bar shi har minti guda.

"Bari in taimake ka. A garin nan mutum biyu ne suka san ba a fizgo dabbar nan, sai dai a ɗago ta da dutsenta. Dokta da kai, mai gyara mata fitilu da injin ruwa. Kuma an ce makullin gidan yana hannunka tun bara. Saja, kawo ankwa."

"Wane makulli? Wallahi ban taɓa riƙe makullin gidan Dokta ba! Kullum tana tsaye nake aiki. Wa ya ce?"

"Alhaji Badaru."

Hussaini ya koma ya zauna a kan batir kamar an tura shi.

"Shi ya faɗi haka? A kaina?"

"A gabana."

Da Hussaini ya buɗe baki muryarsa ta canza.

"Ban je Sandamu ba. Ina nan. Da na ji labarin satar na rufe ƙofa, don na san za a zo. Shekaranjiya Alhaji ya zauna a kan bencin nan. Ya ce Dokta na tunanin sauya wa tankin ɗaki, yaya ake ɗaga abin ba tare da ya mutu ba. Na gaya masa. Ya ce zai kai awa nawa a bokiti. Na ce in wurin da sanyi, zai iya kai yamma."

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, yallaɓai. Shi ya kai ni koyon aikin nan."

"Akwai abin da ka manta ba ka gaya masa ba?"

Hussaini ya yi ɗan tunani, sannan ya naɗe hannun rigarsa. A damtsensa akwai wani tabo mai faɗin tafin hannu, ɗigo-ɗigo a jere kamar an danna masa buroshi.

"Safar hannu. Ban ce masa ya sa ba. Bara ina gyara injin ruwa hannuna ya goge ta. Mannewa take kamar danƙo, kuma harbi take. Kwana uku ban yi barci ba."

Ƙarfe ɗaya da rabi suka isa kara, wurin cinikin shanu. Ranar kasuwa ce, shanu da mutane sun cika fili. Farar a-kori-kura tana ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Sufeto ya leƙa bayanta. A kan ƙarfen akwai wani farin zobe, daidai gindin bokiti, da farin sawu da ya gangara har bakin ƙofa. Ya dangwala da yatsa ya ɗanɗana.

Alhaji Badaru ya taso daga rumfarsa, dillalai uku na biye da shi.

"Lafiya, Sufeto, kake lasar motata?"

"Gishiri ne, Alhaji."

"To motar mai shanu a rasa gishiri? Na lasa ne, jiya na ɗauko buhu biyu."

"Gishirin lasa gari ne ko dunƙule. Wannan ruwa ne ya zuba ya bushe, ga shatin bokiti. Ina ka je da ƙarfe tara?"

"Ina nan."

"An ga motar nan a bayan gidan ƙanwarka."

"Farar mota ɗaya ce a Daura?"

"Hussaini ya ce ba ka taɓa ba shi makulli ba."

"Yaro ne, ya manta."

Sufeto ya miƙa hannu. "Ɗazu ba mu gaisa sosai ba, Alhaji. Ba ni hannu."

Alhajin bai motsa ba. Dillalan suka dubi juna.

"Ƙudan zuma ne suka harbe ni a gona," in ji shi.

"Mu gani. Na san harbin zuma."

Alhaji Badaru ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zaro hannun da kansa, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Daga yatsu har gwiwar hannu ya kumbura ya yi ja, ɗigo-ɗigo a jere, wasu sun fara ɗurar ruwa.

"Ga shi. Ni na ɗauka. Sai me?"

"Ina bokitin?"

"Ba zan faɗa ba."

"Alhaji, rai ne a ciki."

"Na sani. Ku kai ni bayan kanta, ku kai ni gaban alƙali. In rana ta faɗi magana ta ƙare, kowa ya huta."

Sufeto ya sa Saja ya shigar da shi motar 'yan sanda. Ya koma gefe ya kira Dokta a waya. Ya gaya mata wanda ya kama.

"Dokta, kina ji na? Mutumin da ya ɗebi ruwa ya ɗago dutse ba ya son ta mutu a hannunsa. An gaya masa ta fi daɗewa a wuri mai sanyi. A wuraren da yayanki ke da iko da su, ina ne ya fi sanyi?"

"Soron Baffa," in ji ta nan take. "Tsohon gidan mahaifinmu, bayan kasuwa. Ginin ƙasa ne, a nan mahaifiyarmu ke ajiye randuna. Ba kowa a gidan yanzu. Ga ni nan."

Ta riga su isa. Tana tsaye a ƙofar tsohon gidan da jarkoki biyu na ruwan tanki, da safar hannu ta roba, da jaka a kafaɗa. Ba ta kalli motar da yayanta ke ciki ba. Saja ya karɓo makulli daga aljihun Alhaji ya buɗe.

Soron duhu ne, da sanyi kamar bakin rijiya. A tsakanin wasu tsofaffin randuna biyu ga shuɗin bokiti, an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu.

Dokta ta durƙusa ta yaye buhun. Sufeto ya haska tocila.

Macen kifin tana yawo a saman ruwa, cikinta a sama. A ƙasa, a kan dutse, wani abu ne kore ya saki jiki kamar tsumma, bakinsa da ke tsakiya ya wage.

Ta tsamo kifin ta ajiye a kan buhu. Ta ciro ma'aunin gishiri ta ɗiga masa ruwan bokitin, ta duba a hasken tocila.

"An ƙara ruwan rijiya."

"Ya zube a hanya," in ji Alhaji Badaru daga bakin ƙofa, Saja na riƙe da shi. "Na ga ya ragu, na cika."

"Shi ya kashe kifin, Hamma."

Ta jefa bututun wani ɗan injin iska mai batir a cikin bokitin, ruwan ya fara ƙananan kumfa. Ta kwashe kofi guda ta zubar, ta mayar da kofi guda daga jarka. Ta jira. Ta sake.

"Me ya sa ba za ki juye ta a ruwan jarkar gaba ɗaya ba?" in ji Sufeto.

"Sauyi farat ɗaya ya fi ruwan rijiyar kisa. Sai a hankali."

Sufeto ya juya ga Alhaji. "Tunda muna jira, ina sauraronka. Me ya sa?"

Alhajin ya gyara tsayuwa.

"Shekara arba'in ina kara. Ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. Yau ana nuna ni da baki, wai shanuna daga aljanin ƙanwata suke. Akwai waɗanda in na shiga sahu sai su matsa. Na haƙura da wannan. Amma ranar Lahadi na ji da kunnena, wasu samari sun shirya jibi bayan an sauko Juma'a za su zo gidanta da fetur. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. In zauna a ƙone ta a kan wannan tsumman?"

"Me ka yi niyyar yi da shi?"

"In an yi la'asar in kai shi dam in sake shi a ruwa. In faɗa wa jama'a an rabu da shi."

"Da ko minti goma ba za ta yi a ruwan dam ba," in ji Dokta ba tare da ta ɗago ba.

"Ban sani ba. Na ɗauka ruwa ruwa ne."

"Ka ji za a ƙona gida," in ji Sufeto, "ba ka zo wurinmu ba. Ka shiga gidan da ba naka ba, ka kuma ɗora wa yaron da ka riƙe laifi. Su waye samarin?"

"'Ya'yan mutane ne. Ba zan kama suna ba."

"Za mu same su ko da kai ko ba kai."

"Ku same su. Ni dai abin da na yi na yi. A mayar da abin nan gidan yau, gobe in sake ɗauke shi."

Dokta ta miƙe a karon farko ta fuskance shi.

"Da ka zo ka gaya mini, Hamma."

"Da kin ji?"

"Da ban ji ba. Da na zauna a ƙofar gidana jibi na jira su. Mahaifinmu ya sayar da bijimai biyu ya kai ni makaranta lokacin da duk unguwa ke zaginsa. Bai ɓoye ni a soro ba."

Alhaji ya kawar da kai.

Kusan awa guda ta yi tana sauya ruwan kofi-kofi. Kafin ta gama, labari ya kai kasuwa, lungun ya cika. Da Saja ya fito da Alhaji Badaru aka fara hayaniya. Wasu na cewa a sake shi, taimakon jama'a ya yi. Wata tsohuwa ta kama gyalen Dokta.

"'Yar nan, ki janye. Kotun shari'a za a kai shi. Kina so a yanke wa ɗan'uwanki hannu?"

Sai ga Malam Zakiyyu ya ratso taron, yana haki.

"Ba a yanke hannun wanda aka ba makulli da amana," in ji shi da ƙarfi. "Wannan hukuncinsa daban, alƙali ya sani." Ya juya ga jama'a. "Kuma ku saurara. Abin da ke cikin bokitin nan na gan shi da idona tun wata biyu. Dabba ce. Ni na ce muku aljani ne, ban bincika ba. Na yi kuskure, na kuma ɓoye."

"An saye Malam!" in ji wani saurayi daga baya.

Sufeto ya nuna shi da yatsa. "Kai, matso. Me sunanka?" Saurayin ya sulale. Sufeto ya ɗaga murya. "Daga yau akwai ɗan sanda a ƙofar gidan Dokta. Mai fetur ya zo da shi, ina jiransa."

Ya juya gare ta. "Dokta, ɗan'uwanki ne. Doka ta ba ki dama. Kina janyewa?"



"Ba na janyewa."

"Kulsum!" in ji tsohuwar.

"Ba hannunsa nake so ba, Iya, ba kuma ɗaurinsa ba. So nake ya tsaya gaban alƙali, a gaban jama'a, ya faɗi abin da ya ɗauko da hannunsa. A rubuta a takarda. In aljani ne a rubuta aljani, in dabba ce a rubuta dabba. Ranar zan yafe masa." Ta ɗaga bokitin da hannu biyu. "Kuma ba da mota zan mayar da ita ba, girgiza za ta yi mata yawa. A ƙafa zan tafi, ta tsakiyar kasuwa. Jibi bayan Juma'a ƙofata a buɗe take. Mai son ganin aljani ya zo, ya cire takalmi ya shiga."

Saja Lawal ya ciro ankwa. Sufeto ya dubi kumburarren hannun ya girgiza kai.

"Bar shi. Mu biya asibiti tukuna, sannan ofis ya ba da bayani."

Alhaji Badaru ya ƙi a riƙe shi. Da kansa ya taka zuwa motar, kansa a sama, ya tattare babbar riga ya shiga baya. Saja ya tayar da injin.

"Dakata," in ji Alhajin. Ya leƙo ta taga. "Kulsum."

Ta tsaya da bokitin.

"Zai rayu?"

Ta ajiye bokitin a ƙasa. Ta cire safar hannu, ta tsoma ɗan yatsa ta taɓa gefen dardumar. Da ta janye, gashin ya biyo yatsan ya riƙe, sai da ta ɗan murɗa ya saki. Fatar wurin ta fara ja.

"Tana kamawa," in ji ta. "Wadda ta mutu ba ta kamawa. Sauran sai nan da kwana uku."

Alhaji Badaru ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya koma ya jingina.

"Mu je, Sufeto."

Motar ta juya ta nufi asibiti. Dokta Ummukulsum ta ɗauki bokitinta ta nufi kasuwa, mutane na darewa suna ba ta hanya.